Dausayin Haɗeja-Nguru: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da matafiya, har da mutanen yankin kansu, ke yawan yi game da dausayin nan da namun da ke cikinsa. An faro daga masu sauƙi, an gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Mene ne Dausayin Haɗeja-Nguru, kuma a ina yake?

Fadama ce makekiya da ta shimfiɗu tsakanin gabashin Jihar Jigawa da yammacin Jihar Yobe, gefenta kuma ya taɓo arewacin Bauchi. Daga Haɗeja ta faro, ta bi ta Kiri Kasamma da Guri, ta nausa har Nguru da Gashuwa. Wanda ya je da zaton zai tarar da tafki guda mai gaɓa biyu zai sha mamaki, domin abin da ke wurin tarin rafuka ne da kududdufai da gulabe da filayen ciyawa, sai tuddan rairayi da suka ratsa tsakani.

Tuddan nan su ne asirin wurin. Tsofaffin jigayi ne da iska ta tara tun zamanin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yanzu, sun kwanta a jere kamar kunyoyin gona. In ruwa ya iso sai ya rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya rarrabu, ya bi kwaruruwan da ke tsakaninsu a hankali. Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani sama da miliyan ɗaya ne ke ci daga wannan ruwa.

Yankin ba shi da ruwan sama mai yawa. Daga ina ruwan ke zuwa?

Daga nesa. Daminar yankin wata uku ce zuwa huɗu, ruwan da ke sauka a shekara kuma bai cika wuce milimita 600 ba. Koguna biyu ne ke ɗauko ruwa daga inda ya fi yawa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ta Katagum. Bayan sun warwatsu cikin dausayin, abin da ya rage na ruwansu yana haɗuwa kafin Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a wajajen Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi.

Saboda nisan tafiyar, cikar ruwa ba ta zuwa tare da damina. Sai wajajen Agusta zuwa Oktoba take kai ƙololuwarta, daga nan ruwa ya riƙa janyewa har bazara. Wannan hawa da sauka shi ne numfashin wurin, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa suna komawa kansa.

Gandun dajin gwamnati ne, ko ƙasar jama'a?

Duka biyun. Mafi yawan dausayin gonaki ne da makiyaya da wuraren su na garuruwa, ƙarƙashin masu unguwanni da dagatai da sarakunan ruwa. Keɓaɓɓun wurare 'yan kaɗan ne a ciki. A ɓangaren Yobe akwai sashen Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, kuma a cikinsa ne mafakar tsuntsayen ruwa ta Dagona take. A ɓangaren Jigawa akwai dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda ya daɗe a hannun gwamnatin jiha. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10, Baturiya na cikinsu, tare da irin su Falgore na Kano da Kogo na Katsina.

Ana cewa wurin yana cikin jerin Ramsar. Me hakan ke nufi?

Ramsar gari ne a Iran inda aka sa hannu kan yarjejeniyar kare dausayoyin duniya ranar 2 ga Fabrairu, 1971, shi ya sa ake bikin ranar dausayi a wannan rana kowace shekara. Wurin farko da Najeriya ta shigar cikin jerin shi ne Tafkin Nguru haɗe da mashigar Marma, hekta 58,100, a shekarar 2000. Baturiya da tafkin Dagona sun biyo baya a 2008.

Shiga jerin ba ya korar kowa daga gonarsa, ba ya kuma kawo masu gadi. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za ta bar jama'a su amfana da wurin ta hanyar da ba za ta kashe shi ba. Cika alkawarin kuwa magana ce dabam, duba amsar da ke kan madatsun ruwa.

Waɗanne tsuntsaye ake gani?

An lissafa fiye da nau'i 370 a yankin. Na gida, waɗanda kowane ɗan fadama ya sani, sun haɗa da dinya, kirinjijiya mai farar fuska wadda ake jin fitonta da dare tana wucewa, zalɓe iri-iri, balbela, jinjimi da kwasakwasa. Akwai ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado kamar a kan tabarma, ganyen na lotsawa kaɗan amma bai nutse ba. Gauraka ma nan ne gidanta, sai dai ta yi ƙaranci ƙwarai, saboda kamun da ake yi mata ana kai wa gidajen masu hali don ado.

Baƙi kuwa su ne suka sa sunan wurin ya fita duniya. Mafi yawa a cikinsu wata ƙaramar agwagwa ce wadda namijinta ke da farin zane daga ido zuwa ƙeya, sai wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, sai tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke sauka dubu-dubu a gonakin shinkafa bayan girbi suna tsintar abin da ya zube.

Da gaske daga Turai suke zuwa?

Ƙwarai. A Turai da yammacin Saibiriya suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe. In sanyi ya gabato, ruwaye suka fara daskarewa, sai su yo kudu, su haye Bahar Rum, su haye Sahara. Bayan wannan doguwar tafiya, wuraren ruwa masu girma da ke bakin hamada ba su da yawa: kwarin Kogin Senegal, fadamar Kogin Kwara a tsakiyar Mali, Tafkin Chadi, sai wannan dausayi. Suna fara isowa da kaka, su yi hunturu a nan, su tara kitse, su juya wajajen Maris.

Kada a haɗa su da shamuwa. Ita tafiyarta cikin Afirka take yi, tana zuwa gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, in rani ya yi ta koma kudancin nahiyar. Lokacin da baƙin Turai ke haramar tafiya ne ita take shirin isowa.

Zuwan baƙin nan ne ya jawo ƙungiyoyin kare tsuntsaye na waje suka haɗu da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, aka kafa shirin kula da dausayin a 1987, kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga su ba, mai ƙidaya kan ware goma ko ɗari da madubin hangen nesa, sannan ya auna sauran garken da wannan ma'auni. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Ban da tsuntsaye fa? Akwai manyan namun daji?

Wanda ke son ganin giwa ya tafi Yankari. Manyan namun nan farauta da saran daji sun ci su tun tuni. Abin da mai sa'a zai iya cin karo da shi a dajin Baturiya ko kewayen Dagona bai wuce jan biri, dila, gada, guza, damo da kunkuru ba, barewa kuwa sai an dace.

Arzikin yana cikin ruwa. Akwai tarwaɗa, karfasa, bargi, kurungu, kawara, yauni da minjirya. Akwai gaiwa, wadda in kududdufi ya ƙafe take nutsawa cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har ruwa ya dawo. Galibin kifayen nan da sabon ruwa suke hayayyafa: suna bin cikar su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi. Shekarar da cika ta yi ƙasa, masunci ya san bandarsa za ta yi ƙasa. A itatuwa kuwa goriba ce sarauniya, sai bagaruwa da giyayya masu jure tsayuwa cikin ruwa, da kanya da tsamiya a kan tudu.

Yaushe ya fi kyau a je, kuma me za a tanada?

Daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin baƙi sun cika, ruwa ya ja baya ya tattara su wuri guda, hanyoyi kuma sun bushe. A fita da asuba ko da la'asar sakaliya, da rana tsaka ba abin da za ka gani sai ƙura. Ta Haɗeja ake shiga Baturiya, Dagona kuwa ta hanyar Nguru zuwa Gashuwa.

A nemi izinin jami'an gandun, a gaida mai gari, a ɗauki ɗan gari jagora, a kuma tambayi halin tsaro kafin a kama hanya. A riƙe gidan sauro. Kada a shiga wanka ko a daɗe tsaye cikin ruwan da ba ya gudu, domin katantanwar da ke ɗauke da tsargiya tana nan.

An hana su da kiwo da noma ne a ciki?

A cikin iyakar gandun ƙasa doka ta hana farauta, saran itace, kiwo, cinna wuta da kamun kifi ba da izini ba. A wajen iyakar, wato mafi yawan dausayin, sana'a halal ce kuma da ita aka san wurin. Fili ɗaya kan yi aiki uku a shekara. Da cika, masunta ke kansa da kwalekwale da koma da gura. Ruwa na janyewa manomi ya girbe shinkafarsa, ya bi danshin da wake ko kankana. Bayan nan shanu su shigo su ci burugu da harawa, su bar taki.

Abin da ake ƙorafi a kai shi ne kayan aikin da ba sa barin na gobe: raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, zuba guba a ruwa, da dumba, wato jera tarkuna a datse rafi daga gaɓa zuwa gaɓa. Da can sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a shiga wani gulbi da ranar da za a fita. Inda wannan iko ya raunana, nan ɓarna ta fi yawa.

Me madatsun ruwa suka yi wa dausayin?

Nan ne gizo ke saƙa. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, don ban ruwan Kadawa da ruwan shan birnin Kano. An gama ta Challawa a 1992, aka kuma yi wata 'yar madatsa kusa da Haɗeja don shirin noman rani na kwarin. Daga nan Kogin Haɗeja ya daina bin damina, ya koma bin ƙofofin madatsa. Da can filin da ruwa ke rufewa a shekara mai kyau yakan haura murabba'in kilomita 2,000. Bayan Tiga, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, sai ya riƙa tsayawa ƙasa da rabin haka a shekaru da dama.

Raguwar cika rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne kogin ya daina ƙafewa. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, da rani ya zama rairayi har yara su yi wasa a cikinsa. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani. A ido wannan alheri ne, kuma ga manomin Kadawa alherin ne. Amma babban ruwan da ke wanke hanyoyi ya tafi da laka ya ragu, rana kuma ta daina samun damar ƙone abin da ya tsiro a cikin rafi. Abin da ya biyo baya yana cikin amsa ta gaba.

Mece ce kachala, kuma me ya sa ake kuka da ita?

Ciyawar ruwa ce mai tsawo, takan fi mutum, da kai mai kama da zangarniyar gero. Ba baƙuwa ba ce, tana nan tun da, amma a 'yan lunguna. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, madatsu kuma suka ba ta daidai wannan. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana kuma yaɗuwa ta iri, wanda iska ke kwasa kamar auduga. In ka sare ta a sama ka bar saiwar, kafin wata ya zagayo ta tofo.

In ta kama rafi, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, rafin ya cushe. Kwalekwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shiga, shanu ba sa cin ta in ta tsufa. Ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a wajajen Guri da Marma da Nguru, ta zama gidan sauro da macizai da tsuntsun jan baki mai cin hatsi. Mutanen gari kan yi gayya su shiga da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, suna yanke ta a ƙarƙashin ruwa don ruwan ya shiga kararen saiwar ta ruɓe. Dabarar tana ci, amma aikin na kashe jiki ne, kuma sai an maimaita. Gwamnatoci sun kawo injinan yanka da na yashe rafi. A Senegal da Muritaniya, inda irin wannan ta faru bayan gina madatsu, ana yin gawayi da ita. Duk da haka, a ganina, muddin ba a bar rafukan sun bushe na wasu makonni a shekara ba, yankan kachala aski ne kawai.

In ruwa ya ragu, me ya sa kullum ake jin ambaliya a yankin?

Saboda ruwan ya rasa hanyoyinsa. A ƙasan Haɗeja kogin yana rabuwa: tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigar Marma mai zuwa Tafkin Nguru. Da kachala da laka suka toshe na farkon biyu, sai mafi yawan ruwan ya karkata Marma. Garuruwan wannan ɓangare suka wayi gari gonakinsu na cikin ruwa shekara da shekaru, na ɗaya ɓangaren kuma suna kallon busasshen rafi. Mutum biyu, tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, ɗaya na kukan ruwa ya yi yawa, ɗaya na kukan babu.

Sai kuma shekarun ruwan sama mai yawa irin 2020 da 2022, inda madatsu kan cika har su yi amai a daidai lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Ruwan ya iso ya tarar da hanya a cushe, dole ya hau gari.

Ruwan da ke malala a fadama ba asara ba ne? Me zai hana a tare shi duka a yi noman rani?

Da wannan tunani aka gina madatsun. Amma a farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke bayarwa ta noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da shirin ban ruwa na Kogin Kano ke bayarwa. Da aka yi lissafin a kan yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta yi wa shirin fintinkau, alhali ba a ma sa kiwo cikin lissafin ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta a fadama wata da watanni yana tsatsa cikin ƙasa, shi ke ciyar da rijiyoyin ƙauyuka da ƙananan burtsatsen masu tattasai da albasa da alkama, har a garuruwan da ke nesa da kogi. Ana cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to amma sai in akwai mai zuba shi. Wannan ce ta sa maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are ta daɗe tana tada jijiyar wuya tsakanin Bauchi da jihohin Yobe da Borno. Jama'are ne kogin da ya rage ba babbar madatsa a kansa, kuma yawancin ruwan da ke isa Gashuwa nasa ne.

Ana kare tsuntsaye alhali jan baki na cinye mana hatsi. Ina adalci?

Ƙorafin yana kan hanya. Jan baki kan zo kamar hadari, ya sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin a ankara ya bar kara. Wanda ya taɓa ganin yara tun asuba a kan rumfar gona, suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye suna ihu har murya ta dushe, ba zai raina wannan kuka ba.

Sai dai jan baki ba ya cikin baƙin da ake karewa. Ɗan Afirka ne, kuma yana cikin tsuntsayen daji mafi yawa a duniya, ba mai fargabar ƙarewarsa. Abin da ya ƙara masa ƙarfi a nan shi ne kachala, inda yake kwana ba mai iya isa gare shi, da noman rani da ya sa abinci ba ya yankewa. Feshin jirgi yana kashe shi, amma maganin ba ya tantancewa, yakan haɗa da shaho da sauran masu cin gawar, ga shi kuma a kan ruwan da mutane da shanu ke sha ake zuba shi. Rage kachala rage jan baki ne.

Me ke haddasa rikicin manoma da makiyaya a fadamar?

Tsarin karɓa-karɓa da aka bayyana a amsar su da kiwo ya dogara ne ga kowa ya shigo a lokacinsa. Injin ban ruwa ya sa manomi ba ya tashi daga fadama da rani, daidai lokacin da makiyayi ke gangarowa da shanunsa. Kachala ta cinye wani sashe na makiyaya, gonaki sun matse burtali da mashaya, gandun gwamnati kuma ya rufe wani sashen. Fili ya ragu, masu nema sun ƙaru. Inda aka shata burtali da duwatsu, aka kuma sa ranar shigowar shanu bayan an kwashe amfani, da ardo da mai gari a zaune, abin yakan yi sauƙi.

Na sami tsuntsu da zobe a ƙafa. Me zan yi?

Zoben ba laya ba ne, ba kuma na'urar leƙen asiri ba ce. Masu nazari ne ke saƙala shi don sanin inda tsuntsu ke zuwa da tsawon ransa. In ka duba da kyau za ka ga lamba, da sunan gari ko gidan tarihi na ƙasar da aka sa shi, kamar Landan ko Paris ko Mosko. Ba a biyan kuɗi a kansa, ƙarfensa ma ba ya da wata daraja a kasuwa.

Rubuta duk abin da ke jiki harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, ka haɗa da ranar da ka same shi da sunan ƙauyen da ya fi kusa. In tsuntsun na da rai, ka bar masa zobensa ka sake shi. In matacce ne kuma ba ka san abin da ya kashe shi ba, kada ka taɓa da hannu tsirara, kada kuma ka kai shi kusa da kaji, saboda murar tsuntsaye. Bayanin sai ka miƙa wa jami'an gandun, ko ma'aikatan NCF, ko cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Su za su aika wa waɗanda suka sa zoben, kuma sau da yawa amsa kan dawo da ranar da aka sa shi da sunan wurin.